Gurbin Rufa'i a Waƙar Cindo

Shekarar da soji suka sake karɓe mulki, damina ta yi wa mutane rowa, Tudun Aduwa da ke bayan Kona bai fi gida goma masu hayaƙi ba. Cikinsu har da gidan Cindo makaɗin noma, in dai za a kira ɗaki ɗaya da zana uku gida.

Cindo tsoho ne dogo, ƙashi da jijiya, da ɗan yatsa na shida a hannun hagu, wanda ya rantse Allah ya ƙara masa ne saboda ganga. Yunwa uku ya gani kafin wannan. Ya ci anza har harshensa ya daina jin ɗacinta, ya ci dusa, ya tona gidan tururuwa ya kwashe musu hatsi, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ji labarin nan daga tushe har ganye, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Matsalar dai ita ce yanzu babu mai zama. Matarsa ta rasu, 'yarsa na aure can wajen Gidan Amumune, samari sun tafi cin rani ba su dawo ba. Da hantsi yakan fito da ganga ya shafe ta da tsumma, ya ja tsarkiyarta, ya faɗa wa akuyarsa yadda ya taɓa kaɗa wa maza ɗari biyu gayya har suka gama gonar sarki kafin azahar. Akuya ta yi tuƙa ta dubi wani wuri.

A zamaninsa ba shi kaɗai yake fita ba. Yana gaba da ganga, maza huɗu na bayansa, 'yan amshi. Shi zai jefa gindin waƙa sau ɗaya, su cafe, daga nan duk ɗan waƙar da ya kawo, wato baiti, sai ya tsaya su mayar masa da gindin, sannan ya ɗora. Uku daga cikinsu sun riga shi kwanciya. Na huɗun, Rufa'i, mai tsayawa daidai kafaɗarsa ta hagu shekara talatin, yana raye ko ba ya raye, Cindo bai sani ba.

Shekara biyar ke nan, a waccan yunwar, Rufa'i ya zo masa da tabarma a naɗe.

"Cindo, tashi mu tahi kudu. Ganga ba ta cika tukunya bana. In ruwa ya sauka mu komo."

Da a ɗaki ya faɗa masa, wataƙila da an rabu lafiya. Amma a bakin masallaci ne, mutane na ji. Cindo ya miƙe tsaye ya ce shi yunwa ba ta taɓa ganin ƙeyarsa ba, mai gudu ya gudu. Bai tsaya nan ba, ya ɗauko ganga ya raka amininsa har bakin gari da kiɗa, yana yi wa masu gudu zambo, yara na dariya. Rufa'i bai waiwayo ba. Ruwa ya sauka shekarar, ya sauka ta gaba, Rufa'i bai komo ba, bai aiko ba. Wani ya ce ya gan shi Jibiya yana turin ruwa, wani ya ce Kano ne yana gadi. Cindo yakan ce, "Shi ya sani," sannan ya yini bai ci abin kirki ba.

To, ranar wata kasuwar Kona yana zaune a bencin mai shayi, ba don zai sha ba, don dai ya ji muryar mutane, sai rediyo ta yanke kiɗan soji ta yi sanarwa. Wata ƙungiya ta buɗe gasar waƙa da bidiyo a kan haƙƙin ɗan Adam. Kowa na iya shiga, mai lakkol, wato ɗan boko, da marar lakkol. Wanda ba shi da kamara ya je biron ƙungiyar, wato ofishinta, a Tasawa a ɗauke shi. Duk waƙar da aka karɓa, ko ta ci ko ba ta ci ba, za a sa ta a rediyo, a kuma zuba wa mutane a waya.

"Waƙa in ta shiga waya ta yi fiffike," in ji mai shayi. "Yau tana tashar Tasawa, jibi tana Jibiya, kwana bakwai ka ji ta Kano a aljihun wani mai gadi."

Cindo ya ɗago. "Aljihun wa ka ce?"

"Misali na yi, Baba."

"Su shirya kyautar," in ji Cindo. "Mai ita ya ji."

Aka yi dariya. Shi kuwa ba kyautar ce ta hana shi zama ba. Ya san Rufa'i kamar yadda ya san fatar gangarsa. Mutumin nan ko cikin barci ya ji an jefa gindin waƙa an tsaya, bakinsa zai amsa kafin zuciyarsa ta tuna tana fushi. In ya amsa sau ɗaya, to, sauran mai sauƙi ne.

Abin da zai faɗa a waƙar ma bai wahalar da shi ba. Makon da ya wuce ya bi layin rabon hatsi tun hantsi har rana ta take tsaka. Da ya iso gaban tebur, mai rubutu bai ɗaga kai ba, ya ce, "Baki nawa?" Cindo ya ce, "Ɗaya." Aka zuba masa tiya biyu, aka ce na baya ya matso. Shi, Cindo, da hakimai ke aiko wa da doki! Tun ranar abin ke tafasa a ƙirjinsa. Kafin ya taka daga Kona zuwa gida, waƙa ta haɗu.

Ranar ƙarshe ta karɓar waƙoƙi ya isa Tasawa, a bayan motar kasuwa, ganga a cinya. A shingen shiga gari wani soja ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa.

"Tsoho, biki ake da yunwar nan?"

"Ni ne bikin, ɗana."

Soja ya yi dariya ya ɗaga musu igiya.

A biro ya tarar da wata mace mai tabarau, Rakiya, ita ke rubuta masu shiga. Ta gaishe shi har ƙasa, ta ba shi kujera da ruwa, ta ɗauki alƙalami.

"Baba, sunanka?"

Ya gyara zama, ya buɗe baki, ya fara tun daga kakansa. Ta rubuta kalma ɗaya ta jira ya sauka.

"To Baba, doka biyu ce. Kada a ambaci sunan mai mulki, da yabo ko da zagi, ka san lokacin da muke ciki. Ta biyu, waƙa kada ta wuce minti uku. In ta wuce ko da numfashi ɗaya, can Maraɗi ba su ko buɗe ta. Motarmu kuma da la'asar za ta tashi da su."

"Minti uku nawa ne?"

Ta yi tunani. "Kamar a ja guga biyu a rijiya mai zurfi."

"Ɗiyata, ni na taɓa waƙa ɗaya tun fitowar rana har aka kira azahar."

"Na yarda, Baba. Yau dai guga biyu."

Ta haɗa shi da Bilal, wani magidanci mai ɗaukar bidiyon biki, wanda ƙungiya ta ɗauka don wannan aiki. Bilal ya ɗora shi a babur suka fita bayan gari, inda wani tabki ya ƙafe ƙasarsa ta tsattsage kamar tafin ƙafar manomi. Ya kafa kamara kusa, yana son fuskar tsoho ta cika hoto.

"Ja baya," in ji Cindo.

"Baba, fuskarka ce abin kallo."

"Na sani. Ja baya dai. A ga bayana."

Bilal ya leƙa. Babu komai bayansa sai busasshen laka da wata aduwa can nesa. Ya ɗaga kafaɗa ya ja baya.

Cindo ya rataya ganga. Da ya sa gula a fata, Bilal ya daina taunar goro. Tsohon da ya hau babur da kyar ya miƙe sak, murya ta fito kamar daga rijiya. Kirarinsa ya fara, kamar yadda ya fara kowace waƙa tun yana saurayi:

"Ni ne Cindo, shida ta fi biyar!
Gawo mai ganye da rani!
Na ci anza, anza ba ta ci ni ba.
Yunwa uku ta zo, uku ta koma da kunya.
Ni na tsaya ran da maza suka naɗe tabarma,
masu gudu, ku gai da kudu!"

Haka ya yi ta yi, ya lissafa gonakin da ya kaɗa wa, da garuruwan da aka yi masa kyautar riga, da makaɗan da suka ji shi suka rataye gangunansu. Sai da ya ƙoshi sannan ya sauya kiɗa, ya jefa gindin waƙa:

"Mai alƙalami, ɗaga kai ka dube ni."

Ya tsaya. Ganga na tafiya a hankali ƙasa-ƙasa, kansa ya karkata wajen kafaɗar hagu. Bayan ɗan lokaci ya ɗora:

"Kafin ka ce baki nawa, tambayi sunana,
da rago aka raɗa mini shi."

Ya sake tsayawa.

"Mai ƙwarya a layi yau,
jiya shi ya cika rumbun da ka ci."

Shiru kuma, sai ganga.

"Mai bindiga, mai takarda, mai ƙwarya,
kowa wata tara ya yi a ciki."

Bilal ya kasa haƙuri. Da aka gama ya ce, "Baba, waƙa ta yi, wallahi tsikar jikina ta tashi. Amma wuraren da kake mantuwa ɗin nan..."

"Wa ke mantuwa? Ni?"

"To shirun fa?"

"Wurin amshi ne."

Bilal ya dubi tabki hagu da dama. "Ina masu amshin?"

"Uku na ƙarƙashin ƙasa. Ɗaya na kudu."

Suka koma shagon Bilal, wani ɗan ɗaki mai zafi kusa da tasha, hotunan amare manne a bango. Rakiya ta biyo su da ambulan a hannu. Bilal ya zuba hoton a na'ura, ya duba, ya yi tsaki.

"Minti biyar saura kaɗan. Biyu sun yi yawa."

Rakiya ta kalla tun daga farko. Ta ce a hankali, "Baba, wannan na farkon, inda kake faɗin ko kai wane ne, ya kusa minti biyu. Da an cire shi..."

Cindo ya dube ta kamar ta ce ya tuɓe wando a kasuwa.

"Ɗiyata, kin taɓa ganin an shiga gidan mutane ba sallama? Kirarina ne. Da shi na shiga gaban sarakuna. Sojan farko ya hau mulki ya tarad da shi, ya sauka ya bar shi. Ba a taɓa shi."

"To shi ke nan," in ji Bilal. "Ga wata dabara. Ka sake rera gindin kai da kanka, in liƙa muryarka a guraben, in gajarta su. Ko ni da Madam mu amsa maka."

"Kai ka san inda ake shaƙar numfashi a waƙata? Kuma ni in amsa ma kaina? A garinmu mutum ɗaya na sani mai jefa waƙa shi cafe abinshi, kuma ɗaure yake a turun mahaukata."

Rakiya ta rufe baki da gyale. Bilal ya ce, "To saura hanya ɗaya. Shirun nan in an tara shi, shi ma ya kusa minti biyu. Ba kalma ko ɗaya da za ta ɓata. Bari ka gani."

Ya yi ta danne-danne, yana yanka yana matsawa. Can ya ce, "Uku cif. Saurara."

Cindo bai taɓa ganin kansa ba sai a madubin wanzami. Yanzu ga shi nan cikin gilashi, ɗan tsoho siriri a tsakiyar tabki, fili fetal a bayansa. Ya ji muryarsa tana kirari. Da can in ya ce shida ta fi biyar, maza huɗu ne ke ihu a bayansa, mata na guɗa, ƙura na tashi. A nan babu kowa. Wani tsoho ne kawai yake faɗa wa busasshen laka ko shi wane ne. Sai ga shi ya zo wurin:

"Ni na tsaya ran da maza suka naɗe tabarma,
masu gudu, ku gai da kudu!"

Shekara biyar yana rera layin nan, bai taɓa jin sa da kunnen wani ba. Ranar da ya raka Rufa'i bakin gari ya ƙirƙire shi, ya ji ya yi daɗi, ya bar shi cikin kirari.

Daga nan waƙar ta shigo a guje. Gindi, ɗa, ɗa, ɗa, kowanne ya hau wuyan ɗan'uwansa, ba inda mutum zai sa baki ko da ya so. Kan tsohon cikin gilashi yana fara karkata hagu sai ya fizge ya dawo, kamar ana marinsa.

"Ka ji yadda ta yi santsi?" in ji Bilal. "Wannan ko a Yamai sai ta yi magana."

Cindo ya tashi ya fita.

A ƙofar shago akwai wata bishiyar bedi, ya zauna a gindinta, ya jingina ganga da gwiwa. Tasha na ta hayaniya. Wata babbar mota ta cika da mutane har saman kaya, mata da tabarmi da tukwane, ta nufi hanyar kudu. Ya bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya sani, ba wanda ya san shi. Wani tsoho a can ƙarshen motar ya rungume ƙullin kayansa, ya ƙi duban gari.

Ya ƙaddara waƙar ta yi fiffiken da mai shayi ya faɗa. Ta isa wata ƙofar gida a Kano, wani ya kunna ta a waya, Rufa'i na zaune a benci da sandarsa. Me zai fara ji? Minti biyu na Cindo yana yabon Cindo, da gaisuwar masu gudu a tsakiya. In ma ya daure bai tashi ba, ya kai ga gindin waƙa, ya buɗe baki, sai ya tarar an toshe wurinsa. Zai ce, to, ya koyi yi shi kaɗai. Ya rufe bakinsa, shi ke nan.

Ladan ya fara gyaran murya a lasifika. Rakiya ta leƙo.

"Baba, direba ya aiko. In sa ta haka?"

Ya tashi da kyar, gwiwa na ƙara. Ya shiga ya tsaya bayan Bilal.

"Ɗana, abin da ka yanke, ka zubar ko yana nan?"

"Yana nan, Baba. Na'ura ba ta zubarwa."

"Maida shi. Kowane shiru a wurinshi, kada ka rage mishi ko ƙwayar gero."

"To ai mun koma biyar."

Cindo ya dubi bango, ya dubi amaren da ke manne, ya dubi yatsansa na shida.

"Cire na farkon."

Bilal ya juyo gaba ɗaya. "Kirarin?"

"Kurma ne kai? In za ka yanka ka yanka, kada ka tsaya kana kallona kamar rago ya ga wuƙa."

"Duka, ko in bar maka shida ta fi biyar? Wannan kam ya yi mini daɗi."

Wallahi tsoho ya so. Bakinsa har ya motsa.

"Duka."

Bilal ya danna. Abin da Cindo ya yi shekara hamsin yana ginawa ya fita daga gilashi kafin a ƙifta ido, ko ƙara bai yi ba.

"Uku saura numfashi biyu," in ji Bilal.

Rakiya ta ce, "Amma Baba, yanzu ko sau ɗaya ba ka faɗi sunanka ba a ciki. Ba komai dai, za mu rubuta shi a ƙasan hoto."

"Rubuta ma 'yan lakkol. Wanda nike nema bai san baƙin rubutu ba." Ya ɗan ɗaga haɓa. "Kuma mutumin da ya tsaya bayana shekara talatin, in sai an gaya mishi gangar wa ce wannan, to, ba shi ba ne. Duk ƙasar nan hannu nawa ke kiɗa haka?"

"Ɗaya ne, Baba," in ji Rakiya.

"Ɗaya ne."

Bilal ya ce bari a saurara sau ɗaya kafin a sa a faifai. Hoto ya buɗe a kan tsoho da fili a bayansa. Ba sallama, ba gabatarwa, ganga kawai, sai murya:

"Mai alƙalami, ɗaga kai ka dube ni."

Shiru ya biyo, ganga na tafiya ƙasa-ƙasa. Ɗa na farko ya zo ya wuce, shiru ya sake buɗewa. A na biyu Rakiya ta sauke ambulan a cinya. A na uku, Bilal, idonsa na kan na'ura, hannunsa na neman faifai, bai ma san yana yi ba, bakinsa ya fara, "Mai alƙalami, ɗaga..."

Hannu mai yatsa shida ya sauka a kafaɗarsa.

"Yi shiru, ɗana. Wurin da mai shi."

Bilal ya haɗiye sauran. Su uku suka tsaya cikin zafin ɗakin, suka saurari gurbin har ya ƙare, da na bayansa, da na bayansa. Da waƙa ta tsaya, Rakiya ta sa faifai a ambulan, ta lashi bakinsa ta manne, ta fita da sauri wajen direba. Cindo ya rataya gangarsa, ya tambayi inda motar Kona ke lodi, aka nuna masa, ya tafi ya zauna a ciki yana jiran ta cika.